Wasan Tanis: Kallo Ya Isa Haka Nan

Jawabin da aka gabatar a Rara, a taron hutu na ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan asalin ƙasashen Rabah da Wurno da Goronyo



Muna godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro saboda damar da suka ba mu, ga shi kuwa akwai waɗanda suka fi mu shekaru da sani a zaune. Sa'ad da aka tambaye mu abin da za mu yi magana a kai, muka ce wasan tanis, sai wasu abokanmu suka fashe da dariya. Suka ce, jama'a na fama da 'yan bindiga da tsadar taki, ku kuma ku kwaso zancen wasan Turawa ku kawo Rara? Tambayar tasu tana bisa hanya, kuma in Allah ya yarda ba za mu zauna ba sai mun amsa ta. Amma ku ba mu dama mu fara da yadda aka yi wasan nan ya shiga ranmu.

Ranar Lahadi 8 ga Yuni, 2025, kwana biyu bayan Babbar Salla, mu biyar muka taru a zauren gidan ɗayanmu, muka jingina waya ɗaya a jikin buta. Ana buga wasan ƙarshe na gasar Faransa a birnin Paris, tsakanin Carlos Alcaraz na Sifen da Jannik Sinner na Italiya. An fara bayan azahar. Sinner ya ci turmi biyu na farko, har ya kai matsayin da maki ɗaya tak ya rage masa ya ɗauki kofi, ya kuma sami wannan dama sau uku a jere. Duk sau ukun Alcaraz ya hana shi. Muka tashi muka yi la'asar, muka dawo ana yi. Muka tashi muka yi magariba, muka dawo ba a gama ba. Sai da aka yi sa'a 5 da minti 29, Alcaraz ya yi nasara. Babu wasan ƙarshe da ya taɓa kai wannan tsawo a tarihin gasar. Yaran unguwa da suka leƙo suna tsammanin ƙwallon ƙafa ce, kafin a tashi sun fi mu ihu.

Da yake da yawa a nan ba su saba da wasan ba, ya kamata mu ɗan bayyana yadda yake. Mutum biyu ne, ko kuwa biyu da biyu, suke tsayawa fuska da fuska, raga ta raba tsakaninsu. Kowa yana riƙe da raket, watau abin bugu mai kama da matankaɗi da aka yi wa doguwar ƙota. Aikinka shi ne ka mayar da ƙwallo ta haye raga ta faɗa cikin layi kafin ta taɓa ƙasa sau biyu a ɓangarenka. Ana lissafin maki da 15, da 30, da 40, na huɗu kuma shi ke ba da abin da za mu kira zubi ɗaya, muddin akwai ratar maki biyu. Wanda ya riga tara zubi shida, shi ma da ratar biyu, ya ci turmi, kamar dai yadda 'yan dambe ke faɗa. In an yi shida da shida, sai a buga raba-gardama. A manyan gasa maza na neman turmi uku cikin biyar, mata kuwa biyu cikin uku. Abin lura a nan shi ne babu agogo. Ba a cewa lokaci ya ƙare, ba a kuma ɓata lokaci don a tsira da ci. Komai nisan da aka yi maka, muddin ba a ci makin ƙarshe ba, kana da sauran numfashi.

Manyan gasa guda huɗu ne a shekara. Ta Ostireliya ana yin ta a Melbourne cikin Janairu, kuma saboda sun riga mu da sa'a 10, wasanninsu na dare da hantsi suke zo mana. Ta Faransa daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, a kan jar ƙasa ta niƙaƙƙen bulo. Ta Wimbledon a Ingila, wadda aka fara tun 1877, ana yin ta a kan ciyawa daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, a lokacin kuwa agogonsu da namu ɗaya ne. Ta Amurka a New York take, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, mai son wasanninta na dare sai ya haƙura da barci. Kowane fili da halinsa: a ciyawa ƙwallo na zamewa da sauri, a jar ƙasa tana tashi sama a hankali, don haka sai mai haƙuri. Rafael Nadal ya ci gasar Faransa sau 14 kafin ya yi ritaya a 2024. Roger Federer ya ci manyan kofuna 20, Serena Williams 23, Novak Djokovic kuwa ya cika 24 a 2023. Duk waɗannan mun haddace su, muna gardama a kansu a ɗakunan kwananmu har tsakar dare.

To, ga inda gizo ke saƙa. A daren nan da aka gama wasa, wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya dube mu ya ce, “Yaya, a ina kuke yin naku?” Muka dubi juna, aka rasa mai amsawa. Mu biyar, uku ba su taɓa riƙa raket ba. Sauran biyun sun taɓa gwadawa a birni: suka je wani fili, maigadi ya ce na 'yan kulob ne, suka juya. Suka je wata makaranta da aka ce tana da fili, suka tarar siminti ya tsattsage, ciyawa ta fito, awaki na kwance a inuwar turakun raga. Tun daga ranar muka gane cewa mun zama masana wasan da ba mu taɓa yi ba, kamar mai ba da labarin daɗin tuwon da bai taɓa ɗanɗanawa ba. Abin da ya kawo mu gabanku ke nan. Kallo ya isa haka nan, lokaci ya yi da za mu ɗauki ƙwallo.

Abu na farko da za a ce mana shi ne tanis wasan masu kuɗi ne. Akwai gaskiya a ciki, domin a ƙasar nan an daɗe ana tsare shi a kulob na Turawa da manyan ma'aikata. Amma mu duba su wa suka ɗaga sunan Nijeriya a wasan. Nduka Odizor yaro ne mai tsince wa manya ƙwallo a kulob ɗin Ikoyi a Legas. Wani malamin jami'a Ba'amurke ya ga hazaƙarsa, ya taimaka masa ya tafi karatu, har ya shiga Jami'ar Houston. A 1983 ya kayar da Guillermo Vilas na Ajantina, ɗaya daga cikin gwanayen zamanin, a zagayen farko na Wimbledon, ya kuma kai zagaye na huɗu. A wannan shekara ya ci kofi a birnin Taipei, a 1984 kuma ya kai na 52 a duniya. Sa'ad da aka mayar da tanis cikin wasannin Olamfik a Seoul a 1988, mutum uku suka tsaya wa Nijeriya a wasan ɗaiɗai na maza: Odizor, da Tony Mmoh, da Sadiq Abdullahi, wanda raket ya kai shi karatu Amurka har ya sami digirin dakta. A Kano ma an shafe shekaru masu yawa ana shirya gasar Dala, inda gwanayen ƙasar nan kan taru. Ashe wasan ba baƙo ba ne a Arewa.

Haka abin yake a wasu ƙasashe. A 1971 Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka da ya ci Wimbledon a 1975, ya ziyarci Yawunde a Kamaru, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana wasa, ya sa baki aka ɗauke shi horo a Faransa. Yaron nan shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Faransa a 1983. Frances Tiafoe, wanda ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Amurka a 2022 da 2024, iyayensa 'yan Saliyo ne, mahaifinsa kuwa mai gyara da shara ne a wata cibiyar tanis, a can yaron yakan kwana. Serena da yayarta Venus a filayen jama'a na wata unguwar talakawa mahaifinsu ya koya musu. In kun lura, a kowane labari akwai yaro mai sha'awa, akwai kuma babba guda da ya buɗe masa ƙofa. Yara masu sha'awa muna da su, mun gan su da idonmu a zaure. Mai buɗe ƙofa ne ba mu da shi.

Ba ma sai mun je Legas ko Yawunde neman misali ba. A nan Rabah aka haifi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya kuma riƙe sarautar ƙasar daga 1934. Sa'ad da yake Kwalejin Katsina, daga 1926 zuwa 1931, ya shahara a wasan fayif, watau ƙwallon da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango. Wani malami Bature mai suna Hogben ne ya shigo da wasan Arewa a shekarun 1920. A Ingila wasa ne na makarantun 'ya'yan manya, da ƙyar talaka ya taɓa jin sunansa. Amma da ya zo nan, sai aka gina bangayensa da abin da ake da shi, aka kuma sauya ƙaramar ƙwallonsa mai tauri, wadda ke ɓantarar bangon ƙasa, da ƙwallon tanis. Sardauna bai bar wasan ba har ya zama Firimiya, ya ƙarfafa shi a makarantu da garuruwa, ana ma yin gasar kofi da sunansa. Ga shi yau wasan ya zama na gida a Sakkwato da Katsina da Birnin Kebbi. Iyayenmu sun karɓi wasan 'ya'yan sarakunan Ingila sun mayar da shi na 'yan unguwa, da bango da ƙwallon tanis kawai. Mu da muka gaje su, me zai hana mu ƙara raket a kai?

Bari mu sauko ga aiki, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune. Matakin farko bango ne. A nemi bango mai santsi a makarantar firamare ko sakandare, da izinin hedimasta, a ja layi da fenti a tsawon ƙafa uku daga ƙasa, wanda shi ne tsayin raga a tsakiya. A share gabansa, a daddaɓe. Björn Borg na Suwidin, wanda ya ci Wimbledon sau biyar a jere, a ƙofar garejin gidansu ya fara. Evonne Goolagong, 'yar asalin mutanen Ostireliya na farko, da guntun katakon akwatin kayan marmari ta fara bugu a jikin bango, ta zo ta ci Wimbledon a 1971 da 1980. Kafintocinmu za su iya fafe mana irin wannan katako mai ƙota. Tsofaffin ƙwallaye da suka yi laushi, waɗanda 'yan kulob ke zubarwa, su suka fi dacewa da mai koyo. Hukumar tanis ta duniya da kanta ta tsara wa yara ƙwallaye marasa sauri, ja da ruwan lemo da kore, da ƙaramin fili mai tsawon mita 11 kacal. Irin wannan fili guda huɗu za su shiga farfajiyar kowace makaranta, igiya da tsohuwar komar masunta kuma ta isa raga.

Mataki na biyu shi ne cikakken fili. Tsawonsa mita 23.77, faɗinsa 8.23 ga mutum biyu, 10.97 ga mutum huɗu. In an haɗa da wurin ja da baya, ana bukatar kamar mita 36 da 18, abin da bai kai kwatar filin ƙwallon ƙafa ba. Ba dole sai da siminti ba. Rod Laver, wanda ya haɗa manyan kofuna huɗun nan cikin shekara guda har sau biyu, a 1962 da 1969, a filin da aka yi da ƙasar suri ya koya a ƙauyensu. Suri kuwa ba mu rasa shi ba, jar ƙasa ma haka, kuma iyayenmu mata sun san sirrin daɓe tun kafin a kawo siminti. Abin da filin ƙasa ke so shi ne yayyafi da birgima da shara, mu kuwa da ke tsakanin gulbin Rima da gulbin Sakkwato ba za mu ce ruwan yayyafi ya gagare mu ba. Saboda zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40, sai a riƙa wasa bayan asuba da bayan la'asar, a kuma yi gasa lokacin hunturu.

Kada a bar ƙannenmu mata a baya. Tanis wasa ne da babu cuɗanya a cikinsa, raga na tsakani, kuma babu dokar da ta hana dogon wando da rufe kai. Ana iya yinsa cikin katangar makarantar 'yan mata, malama na kula. Ons Jabeur, Musulma 'yar Tunisiya, mahaifiyarta ce ta fara kai ta fili tana 'yar shekara uku, ta girma ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023, har ta taɓa zama ta biyu a duniya. Haka kuma 'yan'uwanmu da shan-inna ya taɓa, akwai tanis na keken guragu, wanda ake bugawa a fili iri ɗaya, sai dai an yarda ƙwallo ta taɓa ƙasa sau biyu. Ana yinsa a duk manyan gasa huɗun da muka ambata.

Yanzu mu koma ga tambayar abokanmu. Babu wanda ke zaune a nan da bai san abin da yankinmu ya gani ba. Ba mu manta da harin Tabanni na 2018 ba, ko na kasuwar Goronyo na Oktoban 2021, kuma a cikinmu akwai waɗanda suka rasa dangi, akwai waɗanda gonakinsu suka gagari zuwa. Ba za mu tsaya gabanku mu ce ƙwallo na maganin bindiga ba, wannan nauyi ne da ke wuyan hukuma, kuma ba za mu daina tuna mata ba. Amma ku dubi yaran da aka kwaso daga ƙauyuka, suna yini a bakin tasha ba makaranta ba sana'a. Ko mun ba su abin yi ko ba mu ba su ba, wani zai ba su, kuma mun san irin abin da ake ba su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Djokovic yana ɗan shekara 11 aka fara yi wa garinsu Belgrade ruwan bama-bamai a 1999, bai kuwa daina fita horo ba, su da tsararrakinsa har a cikin busasshen wurin ninƙaya suka yi wasa. Yaron da ya san gobe da la'asar akwai mai jiransa a bakin bango, ya san sunansa, zai kuma tambaya in bai zo ba, ya sami abin da yawancin yaranmu suka rasa.

Wajibi ne kuma mu faɗi gaskiya, kada mu sayar wa yara da mafarki. Zama ƙwararren ɗan tanis abu ne mai wuya da tsada. Ɗan wasa shi ke biyan kuɗin jirginsa da masaukinsa da mai horar da shi, kuma da yawa daga cikin waɗanda ba su shiga sahun farko ba da ƙyar suke mayar da abin da suka kashe. Ba mu yi alkawarin Rara za ta fitar da zakaran duniya ba, ko da yake ikon Allah ya fi da haka. Ribar da muke da tabbaci a kanta ta kusa ce. Akwai lafiyar jiki, musamman ga yayyenmu da ke yini a kujerar ofis har tumbi ya fara fitowa, ga hawan jini da ciwon suga na yawa, alhali tanis wasa ne da ɗan shekara 60 ke iya yi. Akwai koyon amana, domin a wasan da babu alƙali kai ne ke faɗin ko ƙwallon abokin karawarka ta shiga ko ta fita, in kuwa kana shakka sai ka ba shi. Ma'aikacin da ya saba faɗin gaskiya a kan maki, muna kyautata zaton zai faɗe ta a kan baucar kuɗi. Akwai kuma koyon tsayawa da ƙafa, domin babu wanda za ka ɗora wa laifi, babu mai canjinka in ka gaji.

Saboda haka ga roƙonmu. 'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda makarantarsa ke da fili, ya je ya koya a zangon karatu mai zuwa, ya roƙi tsofaffin ƙwallaye ya taho da su, domin ba ka koyar da abin da ba ka iya ba. Yayyenmu ma'aikata, a yi karo-karo kowane wata, ko yaya yake, a sayi raket na gwanjo da fenti, a kuma rubuta abin da aka tara da abin da aka kashe a karanta wa kowa. Waɗanda ke ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomin nan uku su taimaka mana da izinin makarantu, su haɗa mu da malaman motsa jiki da masu hidimar ƙasa da suka iya wasan. Iyayenmu sarakuna da malamai, albarkarku muke nema, domin in kun sa baki iyaye za su saki 'ya'yansu. Bukatarmu ba ta da yawa: bango ɗaya a Rara, ɗaya a Rabah, ɗaya a Wurno, ɗaya a Goronyo, kafin hutun ƙarshen shekara. In sun tsaya, sai mu haɗa yaran garuruwan huɗu su kara da juna, daga nan mu ɗauki takarda mu je ma'aikatar matasa da wasanni a Sakkwato da abin nunawa a hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaron nan da ya tambaye mu inda muke yin namu yana nan a bayan rumfa, mun ce masa ya zo. Gobe bayan la'asar za mu hallara a makarantar firamare da gwangwanin fenti da ƙwallaye shida da katako huɗu. Mai tsintsiya ya zo da ita, mai fartanya ya zo da ita.

Abin da muka faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a gafarce mu. Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Wassalamu alaikum.